Ruwanku An Tsare Shi

Daga Yaya zuwa ga Auta

Salamu alaikum Auta. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da amaryarka. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwiwar Inna ta lafa, har tana zuwa bakin kogi ba sanda, amma kunnen nan na hagu sai a hankali. Jiya na ce mata wuta ta mutu a murhu, ta dafe ƙirji ta ce wa ya mutu. Na yi dariya har allura ta soke ni.

Wayar da ka aiko min tana nan cikin aljihun keken ɗinki, ta zama madubi. Tun da suka zo suka kwance ƙarfen sabis suka loda a mota, wai mutanen garin sun ragu, ba wanda ya sake jin muryar nasa. Saboda haka ka haƙura da rubutuna na kaji. Direban da ke zuwa ɗaukar kifi zai kawo maka, tunda hanyarsa ta bi ta ƙofar ma'aikatarku.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Maganar Bi-ruwa ce. Na san kai ɗan boko ne, ka ci shinkafar kanti ka manta, bari in tuna maka. Ita ce shinkafar nan ta Inna da ta gada wurin kakarmu, wadda ake yafawa a fadama da ruwan sama na fari. Ta tsiro ta zauna jiran kogi. In kogi ya malalo, kullum ya ƙaru ita ma ta ƙaru, ko ya shanye tsawon mutum kanta na sama. Kai da kanka ka sha shiga kwalekwale yanka, kana kuka wai tsutsar ruwa ta kama ka.

Ka san shekara biyu ke nan kogi bai hau fadama ba. Shekarar farko Inna ta yafa rabin irin, ya tsiro ya ƙone a tsaye. Bara ta ƙi taɓa sauran, ta bar shi a randa cikin toka, ta liƙe bakin da laka. Duk wanda ke da irin nan a garin, ko ya shuka ya rasa, ko yunwa ta sa ya dafa. Na zaga har ƙauyukan ƙasa da mu ina tambaya, babu. Abin da ke cikin randar nan shi ke nan.

Makon jiya ta fasa lakar, ta ɗebi kaɗan ta ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma don ta gwada, ta sake liƙe bakin randar. Auta, wanda ya yi tsiro bai kai wanda ya ƙi ba. Iri yana tsufa kamar mutum. In ta yafa bana kogi ya zo, mun tsira. In ta yafa bai zo ba, shi ke nan, an gama da Bi-ruwa a duniya. In kuma ta bar shi sai baɗi, wataƙila a sami ɗan abin da zai tashi, wataƙila a'a. Ka ga tsaka mai wuya.

Kai ne ke zaune a bakin dam ɗin, kai ke ganin ƙofofin da idonka. Inna ta ce in tambaye ka magana ɗaya: bana za a sako mana ruwa ko ba za a sako ba? Kada ka yi min zagaye-zagayen nan naka. Ka gaishe da amarya, ka ce mata rigarta saura hannu.

Yayarka.

Daga Auta zuwa ga Yaya

Wa alaikumus salam Yaya. Na sami takardarki, na ji daɗin jin gwiwar Inna ta yi sauƙi. Mu ma lafiya muke. Amarya tana fama da laulayi, ko ƙanshin albasa ba ta so, ni ke shiga kicin yanzu. Ki yi dariyarki, na san za ki yi. Kuma maganar tsutsar ruwa, ke kika ɗora min ita a wuya, ban manta ba.

Don Allah Yaya ki daina gaya wa mutane ni injiniya ne. Aikina a wani ɗaki ne mai taga ɗaya da ke kallon ruwa, da fanka mai ƙara, da allon maɓallai. In takarda ta sauko daga sama ta ce a ɗaga ƙofa kaza, in danna. In ta ce a sauke, in danna. Ko tsayin yatsa ban isa in ƙara da kaina ba.

Bari in gaya miki yadda abin yake, don ki fahimtar da Inna. Da na zo nan na ga ruwan, sai da na riƙe baki. Ido ba ya ganin ƙarshensa. Na ce ashe nan kogimmu ya zo ya kwanta. Amma duk wannan ruwan yana da masu shi tun kafin ya iso. Akwai bututun da ke kai wa babban birni ruwan famfo. Akwai magudanar da aka haƙa zuwa gonakin rake, waɗanda sai ki yi tafiyar rabin yini a mota ba ki fita daga cikinsu ba. Akwai injinan wuta, su kuma ba a lokacin malala suke son ruwa ba, so suke a tara musu shi a riƙa saki kaɗan-kaɗan duk shekara. Shi ya sa kuke ganin ɗan siririn ruwa da rani, lokacin da ba ku da abin yi da shi, damina kuma kogi ya ƙi hawa gaɓa. Sannan ga rana. Wani tsohon ma'aikaci a nan ya ce min abin da rana ke sha daga saman tafkin nan kaɗai ya isa ya jiƙa fadamarmu, ita kuwa ba ta jiran takarda.

Kowanne cikinsu in kika ji bayaninsa sai ki ce yana da gaskiya. Mai famfo ya ce ɗan kaɗan zai ɗiba, mai rake ya ce ɗan kaɗan, mai wuta ya ce shi ai aro yake yi ya mayar. Kowa ya zana nasa kamar shi kaɗai ne a kan kogin. Yanzu ma can sama da mu ana gina wani dam ɗin, sun kusa gamawa, kuma in suka gama sai sun cika nasu kafin namu ya gani.

A bakin get ɗinmu akwai wani ƙaton allo da aka rubuta cewa an kawo ƙarshen ambaliya. Ran nan na ce wa abokan aikina, mu a garinmu ranar da ruwa ya shigo gona ranar murna ce, mata har guɗa suke yi. Suka fashe da dariya, suka ce Auta ka cika ban dariya. Na ci gaba da cin abincina.

Game da tambayar Inna, wallahi ban sani ba tukuna. Manya za su zauna kafin damina ta kankama su yanke ko za a yi sakin malala bana. An ce wasu daga cikinsu suna goyon baya. Da zarar takarda ta sauko ɗakinmu zan sanar da ku, ko da layi ɗaya ne. Kafin nan kada Inna ta taɓa randar. Ki gaishe min da ita ta kunnen dama.

Autanku.

Daga Yaya zuwa ga Auta

Salamu alaikum. Muna lafiya, da fatan laulayin amarya ya sassauta. Ka ce mata ta riƙa tsotsar lemon tsami da safe. Kai kuma Allah ya ƙara, ai da ma ka raina aikin kicin.

Na karanta wa Inna takardarka. Da na zo wurin rana da ke sha ba takarda, ta ce ai rana tun da can tana sha, kuma ba ta taɓa hana mu ba.

Auta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Jiya an yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, Inna ta kasa zama. Ta fita tsakar gida ta dawo, ta shafa randar, ta sake fita. Ta sa an gyara mata gonar tsaf. Ka san Bi-ruwa ba ta son jinkiri, in ba ta yi ƙarfi kafin kogi ya iso ba, nutsewa take. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Direban kifi ya ce zuwansa ya fara zama asara, kwandunansa rabi suke komawa, kifin ma duk ƙanana. Da kowane mako yake zuwa, yanzu sai ya ga dama. Saboda haka duk abin da ka ji, ka ba shi a wannan dawowar. Ko a tsaye ne ka rubuta.

Yayarka.

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya, salamu alaikum. Muna lafiya, amarya da sauƙi. A tsaye nake rubutu a bakin get, direba yana ta danna min oda, ga shugaban sashenmu yana kallona. Takarda ta sauko yau da safe, an kuma ja mana kunne kada a yi ta yaɗawa kafin a sanar a rediyo. Ruwanku na bana an tsare shi. Ki ce wa Inna kada ta damu da maganar shuka. Zan rubuto da bayani in na sami sarari. Allah ya ba mu haƙuri da juna.

Auta.

Daga Yaya zuwa ga Auta

Salamu alaikum ɗan albarka! Allah ya raya abin da ke cikin amarya, Allah ya sauke ta lafiya. Mu nan lafiya ƙalau, rabon da in ga gidan nan haka har na manta.

Kai amma ka iya rowar magana! Takarda kamar ta likita. Amma ɗan layin nan ya fi min doguwar hira. Ina kan keke direba ya miƙo ta taga, na buɗe, na bar ɗinkin mutane a ƙarƙashin allura na ruga wurin Inna. Na durƙusa ta kunnen dama na ce, Auta ya ce ruwanmu na bana an tsare mana shi, kada ki damu da maganar shuka. Ta ce in sake. Na sake. Ta ɗaga hannu sama ta ce, ai na sani, ɗana yana bakin ƙofa a ce an hana ni ruwa? Wanda ya tsare maka abu ai ya san naka ne.

Washegari aka yi ruwa mai kyau. Da gari ya waye ta fasa bakin randar, muka tankaɗe tokar. Na ce Inna mu rage ko cikin kwano ɗaya ne mu ajiye, saboda halin yau da gobe. Ta harare ni ta ce irin da rabinsa ya mutu, in ka yafa shi da ƙyashi me zai tashi? Kuma yaro ya ce kada a damu, ke wace ce da za ki damu? Gaskiya ni ma ban matsa ba, zuciyata ta kwanta da maganarka.

Da ka ga Inna a gona! Ta ɗaure ƙugu, ƙwarya a hannun hagu, dama tana yafawa, tana tafe tana yi wa shinkafar magana kamar jikarta. Gwiwar da ake lallashi ko tuna ta ba ta yi ba. Ni ina biye ina ja da reshen ƙaya ina rufewa saboda tsuntsaye. Ta juye ƙwaryar ta kakkaɓe, ta koma gida ta wanke randar ta kife a rana.

Ban gaya wa kowa daga bakinka maganar ta fito ba, tunda ka ce an ja muku kunne. Amma ka san garin nan. Maƙeri na kusa da mu ya ga Inna ta shuka, ya leƙo ta katanga ya ce, Inna ko an ji wani abu ne daga sama? Ta ce masa ita dai ba ta ce komai ba, tana murmushi har kunne. Shi ma ya je ya fara liƙe kwalekwalensa.

Ta ce in gaya maka buhun farko naka ne, kuma da shi za a yi abincin suna in amarya ta sauka. Rigar ta kammalu, ga ta nan cikin leda, na sakar mata ciki.

Yayarka.

Daga Yaya zuwa ga Auta

Salamu alaikum Auta. Da fatan kuna lafiya. Mu dai ga mu nan. Inna tana ɗan tari, ba mai yawa ba.

Wannan ita ce ta biyu da nake rubutawa ba amsa, kuma ba laifinka ba ne, don ta farkon ma tana nan a kan keke tare da rigar. Direban kifi bai sake zuwa ba. An ce ya koma dakon rake. Yau na sami wani mai gyaran famfon burtsatse da zai bi ta wajenku, zan haɗa masa duka biyun.

Bi-ruwa ta tsiro, ta fi yadda muka zata. Gonar ta yi kore shar, ta kai gwiwa. Mutane har zuwa kallo suke, tsofaffi suna cewa rabonsu da ganin wannan ganyen tun kaza. Amma ruwan sama ya ɗauke, kuma yanzu ne lokacin da kogi ya kamata ya karɓe ta. Kogi kuwa yana can ƙasan gaɓa, yara na tsallake shi da wando a jiki. Bakin ganyen ya fara naɗewa da rana, ƙasa ta fara tsagewa ta gefen tudu.

Kullum da safe Inna sai ta je ta kafa kara a bakin ruwa, da yamma ta koma ta duba. Jiya ta dawo ta ce ya ɗan motsa. Na bi ta na gani, bai motsa ba, karan ne ya karkata. Mun gwada ɗiban ruwa da bokiti muna zubawa a gefe ɗaya, ni da ita, amma gona ce ba tukunyar fure ba, kafin ka juya ƙasa ta shanye.

Maƙeri ya ce ya ji wani abu a rediyo game da dam, wai ba a yi maganar saki ba. Na ce masa rediyo ta fi wanda ke ɗakin sani ne? Amma Auta, ka gaya min gaskiya. Yaushe za ku buɗe? In akwai wanda za ka roƙa ya gaggauta, ka roƙe shi. Ka ce masa tsohuwa ce ta shuka a kan maganarku.

Yayarka.

Daga Auta zuwa ga Yaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, ban san ta inda zan fara gaishe ki ba. Muna lafiya, in wannan sunanta lafiya. Takardunki biyu sun iso tare yau da azahar. Na buɗe ta farko ina tsaye, kafin in kai ƙarshe sai da na zauna a ƙasa.

Yaya, ba haka nake nufi ba. Wallahi ba haka nake nufi ba. A nan in an ce an tsare ruwa, an hana shi wucewa ke nan, kamar yadda ake tsare mutum a hanya. Haka muke faɗa kullum a ɗakin nan, an tsare kaza, an saki kaza, har bakina ya saba na manta yadda kalmar take a gida. Takardar da ta sauko cewa ta yi babu sakin malala bana, saboda dam ɗin sama ya fara cika nasa, abin da ke shigo mana ya ragu, kuma ba za a taɓa rabon famfo da rake da wuta ba. Rabonku ne aka tsare. Da na ce kada Inna ta damu da maganar shuka, nufina kada ta wahalar da kanta, ta bar irin a randa. Ban rubuta an tsare muku ba, Yaya. Na tuna sarai, an tsare shi na rubuta. Amma mene ne amfanin wannan yanzu? Ke kin ce in faɗa ba zagaye, ni kuma na kasa rubuta kalmar babu ga Inna, na ɗauko maganar ofis na ɓuya a bayanta.

Na rubuta dogon bayani bayan kwana biyu kamar yadda na yi alkawari. Yana nan a aljihuna har ya yi laushi. Kullum ina fita bakin get ina duban direban kifi. Na ɗauka ko ba komai kun fahimci gajeren, hankalina a kwance wai na cece ku daga asara.

Daga karanta takardunki na hau sama wurin shugaban sashe. Na gaya masa komai, har da sunan shinkafar. Mutumin kirki ne, ya saurare ni, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya ce shi ma takarda ake aiko masa. Ya ce a kawo wa Inna irin zamani mai saurin nuna, zai sa a ba ni kyauta. Na ce masa irin zamani da wane ruwan? Ya duƙar da kai yana gyara takardun gabansa.

Na dawo ɗakin na tsaya a taga. Ruwan yana nan shimfiɗe, iska na kaɗa shi, ga maɓallin ƙofa ta tsakiya a gaban hannuna. Yaya, na yanke shawara. Ranar Juma'a in kowa ya tafi masallaci ni kaɗai ake bari a ɗakin. Zan ɗaga ƙofar in kulle kaina a ciki, kafin su ɓalle ƙofar ɗakin abin da ya wuce ya wuce. Su kore ni, su ɗaure ni, oho. Ni na jawo, ni zan gyara. Amarya ba ta sani ba. Mai gyaran famfo zai juyo gobe, ki ba shi amsa ya kawo min kafin ranar. Ki gaya min kawai ko shinkafar tana da sauran rai.

Kada ki karanta wa Inna wannan. Ko kuma ki karanta. Ban sani ba.

Auta.

Daga Yaya zuwa ga Auta

Salamu alaikum Auta. Muna nan da rai. Tarin Inna ya tafi. Ina fata amarya lafiya, kuma ina fata kai ma hankalinka ya dawo jikinka, don wanda ya rubuta takardar nan ba ya cikin hayyacinsa.

Kada ka taɓa ƙofar nan. Ka ji ni? Kada ka kuskura. Shinkafar ta mutu tun kafin mai gyaran famfo ya iso wurinka. Ta tashi daga kore ta koma ruwan ƙasa, in ka taka sai ta karye. Ko ka buɗe duka ƙofofin yau, gawa za ka yi wa wanka. Kuma kai da bakinka ka ce magudanar rake tana gabanmu, wa ya ce maka abin da ka saki zai iso nan? Ka bar yarinya da ciki kana gidan yari, mu rasa iri mu rasa ka? Haba Auta. Kana ƙarami ma haka kake, in ka fasa kwano sai ka nemi fasa kanka.

Na ɗauko gajeruwar takardarka na sake dubawa. Gaskiyarka, babu muku a ciki. Ni na sa shi da bakina tsakanin keke da ɗakin Inna, ban ma san na sa ba. Abin da nake so in ji shi na karanta. Na yi fushi da kai kwana guda cur, na zage ka a zuci, sannan na rasa wanda zan zaga. Kai ka rage kalma, ni na ƙara kalma. Amma ko da mun yi daidai, iyakarta irin ya ƙara shekara a cikin toka yana jiran ruwan da aka riga aka raba wa wasu. Wannan ba ni da kai muka yi ba. Duk da haka ciwon yana nan, ba zan ɓoye maka ba. Na yi kuka har na kasa ganin ramin allura.

Na karanta mata. Na so in ɓoye, amma kullum tana zuwa duba kara, ba zan iya ci gaba da kallonta ba. Na zauna ta kunnen dama na karanta tun daga farko har ƙarshe, ban ƙara ba ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, to shi ne yake rufewa da hannunsa? Na ce shi ne, amma umarni ake ba shi. Ta ce, Allah sarki, yaron nan yana can yana ganinsa kullum, an hana shi ya ba uwarsa. Ta ce in gaya maka in ka buɗe ƙofar nan ba da izini ba, ba ta yafe ba. Sauran kuwa ta yafe, har da ni.

Da la'asar ta ɗauki lauje ta tafi gona ita kaɗai, ta hana ni bin ta. Ta yanko busasshen ta ɗauro dami ta kawo wa akuya. Ta tsaya har akuyar ta cinye. Maƙeri ya leƙo zai yi mata jaje, ta ce masa ya sayar da kwalekwalen tun ana sayen katako. Tun ranar ba ta sake zuwa bakin kogi ba, kuma ba ta sake ambaton shinkafar ba. Tana cin abinci, tana salla, tana zama a ƙofar ɗakina tana tsinke min zare. Shirun nan ya fi min kuka ciwo.

Irin zamanin da shugabanka ya ce, ka yi masa godiya, ka ce a bar shi.

Da zan rufe takardar na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce ka kula da amarya, kada ka bar ta tana ɗaukar abu mai nauyi. Ta ce in an sauka lafiya ka aiko, za ta zo ko a bayan motar rake ne. Na fara naɗe takardar sai ta riƙe min hannu, ta ce saura ɗaya. Ta ce gobe in ka shiga ɗakin nan naka ka buɗe taga, ka gaishe mata da kogin. Ka ce masa tsohuwar nan ta fadama tana nan, ta jira shi bana ma.

Yayarka.